Shekaruna a Kero, garin da ke tsakanin koguna biyu

Ni haifaffiyar Tudun Wadan Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, kuma aure ne ya kai ni Amurka a 2008. Maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku a fannin noma a jami'ar da ke Carbondale, can kudancin jihar Ilinoi, na bi shi da goyon ɗanmu na fari. Irin bizar da muka shiga da ita tana ba matar ɗalibi damar neman izinin aiki, don haka na duƙufa bita da daddare bayan yaro ya yi barci, har Allah ya ba ni sa'ar jarrabawar NCLEX, wadda sai da ita ake barin nas ta taɓa majinyaci a ƙasar. Aikin da na samu na bin gida-gida ne. A ba ki jerin sunaye da jakar kayan aiki, ki bi tsofaffi har ɗakinsu, ki auna jini da suga, ki wanke gyambo, ki jera musu ƙwayoyin mako a 'yar akwatin roba. Sabuwar ma'aikaciya ba ta zaɓen yanki. Wanda kowa ya ƙi shi aka ba ni: ƙarshen jihar, ƙaramar hukumar Alexander, da hedikwatarta, garin da ake rubutawa Cairo amma 'yan garin ke kira Kero.

Tafiyar kamar awa guda ce daga gidanmu. In ka taho daga arewa, ta ƙarƙashin layin dogo za ka shiga, ta wata ƙofa mai duhu, a samanta an rataye ƙaton ƙyauren ƙarfe tun 1914 don a sauke shi in ruwa ya zo. Garin duk a cikin jinga yake. Kogin Ohayo a gabas, Misisipi a yamma, suka matse shi har suka haɗe a kudancinsa, kuma babu wurin da ya kai nan kwari a duk faɗin jihar. Titunan suna da faɗin da motoci huɗu za su jera, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da ko ɗaya ba. A titin Commercial, inda kasuwa take a da, benaye ne na jan bulo sun zama kangaye, bishiyoyi sun fito ta tagogi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matattakalar siminti da za ka gani a bakin titi, hawa uku ko huɗu, ka hau ka tarar da ciyawa kawai. Gidan ya tafi, matattakalar ta rage. Kana karya kwana kuma sai ga titin Washington, shimfiɗe da bulo, da gidajen attajiran da, irin su Magnolia Manor da wani mai fataucin fulawa ya gina a 1869, tsaf kamar jiya aka gama.

Da na koma gida na ce wa maigidan, "Malam, anya ba yaƙi aka yi a garin nan ba?" Ya ce, "Ki tambayi masu garin, sun fi ni sani."

Na tambaya kuwa, kuma tsofaffi ba sa rowar labari, musamman in kana durƙushe kana naɗe musu ƙafa. Sauran na cike a ɗakin karatun garin, wani kyakkyawan gini na 1884 da nake fakewa a ciki in sanyi ya yi tsanani.

Ruwa ne ya kafa Kero. Duk wanda ya dubi taswira a farkon ƙarni na 19 zai rantse nan za a yi babban birnin tsakiyar Amurka, domin katako da hatsin da ke saukowa ta Ohayo, da duk abin da ke bin Misisipi zuwa teku, dole su ratsa ta wannan ƙusurwa. A 1818, shekarar da Ilinoi ta zama jiha, wani ɗan kasuwar Baltimore mai suna John Comegys ya karɓi takardar kafa gari da banki a wurin, ya mutu bai aza tubali ba. A 1837 Darius Holbrook ya sake gwadawa da kuɗin da ya ranto daga Landan, ya ɗaga jinga, ya tara ma'aikata. Bankin da ya tsaya masa ya karye a 1840, jama'a suka watse. Sai da layin dogo na Illinois Central ya iso a tsakiyar shekarun 1850 garin ya tsaya da ƙafarsa. Ƙidayar 1860 ta samu mutum 2,188.

Daga nan yaƙin basasa ya ɗaga shi sama. A 1861 Janar Ulysses Grant, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya kafa hedikwatarsa a Kero, aka gina sansanin Fort Defiance daidai inda kogunan suka haɗu. Ilinoi ba ta bauta, amma tsallaken Ohayo jihar Kentaki ce, tsallaken Misisipi kuma Mizuri, duka biyun ana bauta. Bayin da suka kuɓuta suka yi ta kwararowa, aka yi musu sansani, da yawansu suka zauna. Kakannin yawancin majinyatana ke nan. A 1870 garin ya kai 6,267, a 1900 ya kai 12,566, kusan dubu biyar daga ciki baƙaƙen fata. A 1920 aka ƙirga 15,203, kuma bai sake kai wannan ba.

Na daɗe ban gane abin da ya karya shi ba sai da wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, mai ciwon huhu, ya warware mini. Arzikin Kero a kan jira yake. Jirgin ƙasa ya iso bakin ruwa, dole ya tsaya, a kwance taragu, a ɗora su a jirgin fito, a tsallake da su. Kafin a gama, fasinja ya ci abinci, ya kwana a otal, ɗan dako ya samu na cefane, mai gawayi ya sayar. A 1889 aka gina gadar jirgin ƙasa a kan Ohayo, a 1905 aka gina wata a kan Misisipi a garin Thebes, jira ya ƙare. Gadojin mota na 1929 da 1937 kuwa duka a can ƙarshen tsinin suke, mai tahowa daga Mizuri zai sauka wannan ya hau waccan ya faɗa Kentaki ba tare da ya sayi ko ruwan sha a gari ba. Jiragen dakon kaya suka koma shan dizal, ba su da bukatar tsayawa lodin gawayi. A 1978 babbar hanya mai lamba 57 ta samu tata gadar a arewacin gari, ta kwashe sauran motocin. Da na ba Malam wannan labari sai ya yi dariya ya ce ai labarin tashar Baro ta bakin kogin Kwara ke nan, da aka haɗa layin Legas da Kano ta gadar Jebba, wa ya sake sauke kaya a Baro?

Na kai wannan bayani wurin wata tsohuwa da nake wanke wa ƙafa, ina jin na gano bakin zaren. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, Paducah ba su da gada? Cape Girardeau ba su da gada? Je ki gani ko sun mutu." Gaskiyarta. Garuruwan nan biyu na bakin kogi ne su ma, nan muke zuwa asibiti da sayayya, suna nan da ransu.

Abin da Iya ke nufi ya faro tun kafin a haife ta. A ranar 11 ga Nuwamba 1909 dubban mutane suka taru a mahaɗar titin Commercial da titi na takwas, suka rataye wani baƙar fata mai suna William James da ake zargi da kashe wata Baturiya, ba shari'a ba komai, suka yi wa gawarsa abin da ba zan iya rubutawa ba, har aka buga hotunan a katin gaisuwa. A daren suka fasa kurkuku suka rataye wani Bature ma. 'Yar jarida Ida B. Wells ta sauko daga Shikago ta tsaya kai da fata sai da gwamna ya ƙi mayar da shugaban 'yan sandan yankin, wanda aka sauke saboda ya kasa kare fursunonin, kan kujerarsa. Amma zaman garin bai sauya ba. Makaranta daban, unguwa daban, gidajen gwamnati daban: Elmwood na Turawa, Pyramid Courts na baƙaƙe. A 1962 matasa suka yi zanga-zanga a ƙofar wurin ninƙaya na gari, cikinsu har da John Lewis, wanda ya daɗe a majalisar wakilai daga baya. Da aka ga babu makawa sai an bar yaran baƙaƙe sun shiga ruwan, sai aka rufe wurin gaba ɗaya. Kowa ya rasa.

A Yulin 1967 aka tsinci gawar wani soja baƙar fata ɗan shekara 19, Robert Hunt, a rataye a ofishin 'yan sanda. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, baƙaƙen gari ba su yarda ba, gari ya kama da wuta har aka kawo dakarun jiha. Turawa suka kafa ƙungiyar sintiri da ake kira White Hats saboda fararen hulunan da suke sawa. A 1969 baƙaƙe suka kafa United Front ƙarƙashin wani matashin fasto, Charles Koen, suka ƙaurace wa shagunan Turawa. Buƙatar ba ta da yawa: tunda da kuɗinmu shagon ke tafiya, a ɗauki 'ya'yanmu aiki a bayan kanta. Iya tana Pyramid Courts a lokacin da yara ƙanana. Ta ce ranar Asabar sukan cika mota ɗaya su shida su tafi wani gari cefane, da dare kuma in harbi ya fara daga kan jinga sai ta shimfiɗa bargo a bahon wanka ta kwantar da yaran a ciki, don shi kaɗai ne ƙarfen da harsashi ba zai huda ba. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja. Masu shaguna da yawa suka gwammace su sa kwaɗo su bar gari da su ɗauki baƙar fata aiki, wasu iyaye kuma suka buɗe wa 'ya'yansu makarantar kuɗi. A 1960 garin na da mutum 9,348. A 1970 ya koma 6,277, wato mutum goma kacal ya ɗara adadin 1870. Shekara ɗari ta tashi a banza.

Ni dai a nawa ganin, gada ta rage wa Kero kasuwa, amma da hannunsu masu garin suka ƙarasa shi.

Ban shiga gidajen nan da sauƙi ba. Ga hijabi, ga harshen da ba su saba ji ba, ga shi kuma mutane ne da baƙi suka sha zuwa su ɗauki hoton kangayensu su tafi. Wani dattijo sai da ya sa na nuna masa lasisina kafin ya miƙo hannu. Iya ce ta buɗe mini gari. Ƙafarta ta hagu ciwon suga ya ci ɗan yatsa, gyambon ya ƙi rufewa. Nakan zauna a 'yar kujera, in ɗora ƙafar a cinyata bisa tawul, in jiƙa tsohon bandeji da ruwan gishiri don kada ya fizgo sabon nama, in auna faɗin ramin da 'yar rula ta takarda, in rubuta. Wata rana ta lura ina duban agogo, ta tambaya, na ce azahar ke neman wucewa, a mota nake yi. Ta ce a gidanta ba a yi wa Allah sujada a mota, ta nuna mini ɗakin ɗanta. Tun daga ranar akwai tawul mai tsabta da take ajiye mini a kan gadon. Da ta gane ba na cin alade, ta daina sa shi a ganyen da take dafawa, ta koma sa ƙafar talotalo mai hayaƙi, ta ce likita ma zai yi murna. Ni kuma na kai mata ƙosai, ta ci ta ce wannan ai waken da suke dafawa ranar sabuwar shekara ne. Ranar Lahadi ta ba da labarina a coci, daga nan ƙofofi suka buɗe.

Firjinta a lulluɓe yake da hotuna. Wannan yana Shikago, wannan tana St. Louis, waɗannan suna Memfis. Kowane gida na shiga haka ne, tsoho ɗaya da hotuna ashirin. Asibitin garin ya rufe tun shekarun 1980, don haka mai naƙuda sai ta tsallaka wata jiha ko ta yi arewa. Maƙabarta ma babu a cikin jinga, domin ana haƙa ƙasa ruwa ke tasowa, sai an kai gawa kan tudu wajen Villa Ridge ko Mounds. Ba a haihuwa a Kero, ba a binnewa a Kero.

Na taɓa ce mata, "Iya, me ya hana ki bi yaran nan ki huta?" Ta ce ita ta kwana a bahon wanka saboda garin nan, ba za ta bar shi don babu kanti ba. Sai ta dube ni ta ce, "Ke fa 'yata, wa ke wanke wa mahaifiyarki ƙafa?" Na ce ƙanwata. Inna ma ciwon suga gare ta. Na gama naɗin, na fita, na zauna a mota na kasa tayar da ita. Ashe ni ma hoto ce a jikin bangon wani ɗaki. Inna ta rasu a 2014 da asubahin can, kafin gari ya waye mana an kai ta makwancinta. Matan cocin Iya suka cika mota suka zo har Carbondale da kwanukan abinci, ba su san yadda muke zaman makoki ba, suka cire takalma suka zauna a ƙasa tare da matan masallacinmu. Allah ya jiƙan Inna, ya saka musu da alheri.

Kafin wannan, a 2011, na ga abin da ruwa ke iya yi. An yi ta sheƙa ruwan sama a watan Afrilu, kogunan biyu suka cika lokaci guda. Ruwa ya fara ɓuɓɓugowa ta ƙarƙashin jinga yana tafasa da yashi a cikin gari, titi ya rufta a wasu wurare. Magajin gari ya ce kowa ya fita. Aikina a kwanakin nan shi ne bin sawun majinyatana a sansanin da aka buɗe a wata kwaleji kan tudu da gidajen 'yan uwa, wannan ya baro insulin a firji, waccan tukunyar iskarta ta kusa ƙarewa. A ranar 2 ga Mayu ma'aunin kogi ya nuna ƙafa 61.7, ya zarce ƙafa 59.5 na ambaliyar 1937. Tun bayan ambaliyar 1927 gwamnatin tarayya ta tanadi mafita: in ruwa ya kai wani matsayi, a fasa jingar Birds Point a ɓangaren Mizuri, ya malale a gonaki. Jihar Mizuri ta garzaya kotu don ta hana, har kotun ƙoli, ba ta yi nasara ba. Kakakin majalisar dokokin jihar ya fito fili ya ce gara Kero ta nutse da gonakin, daga baya ya nemi afuwa, amma tsofaffina sun riga sun ji. Da dare injiniyoyin soja suka tayar da nakiya, kafin wayewar gari ruwa ya fara sauka. Eka 130,000 ta nutse. A cikin filin da aka sadaukar akwai wani ƙauyen baƙaƙen manoma mai suna Pinhook, shi bai sake tashi ba. A sansani wasu na ta godiya ga Allah, wasu na da dangi a Pinhook.

Gari ya tsira daga ruwa, amma jerin sunayen da ke jakata bai daina raguwa ba. A farkon 2013 aka rufe babban kurkukun Tamms, wanda ke ba mutanen yankin aiki. A Amurka fursuna a inda yake ɗaure ake ƙirga shi, don haka rufewar ta rage wa ƙaramar hukumar ma'aikata da adadi a lokaci guda, kuma da adadin ake raba kuɗin makaranta da hanya da lafiya. A ƙarshen 2015 kantin abinci na ƙarshe ya rufe. Ina gaya wa mai ciwon suga ya ci ganye da 'ya'yan itace, alhali abin da zai iya samu da ƙafa bai wuce biskit da abincin gwangwani ba. Na koma ina ɗauko kabeji da lemo a but ɗin motata.

Sai maganar gidaje. Elmwood da Pyramid Courts, wanda aka sauya wa suna zuwa McBride, tun farkon shekarun 1940 aka gina su, kuma waɗanda aka damƙa wa amanar gyaransu ba su riƙe ta ba. Na shiga ɗakunan da fumfuna ta baƙanta bango, kyankyasai da ɓeraye da kuɗin cizo sun zama 'yan gida, uwa ta kunna murhun girki ta bar shi a buɗe duk dare don ɗumama yara, ga yaro mai asma a kwance. A 2016 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta karɓe ragamar. A Afrilun 2017 jami'anta suka tara mutane a wata coci suka ce za a rushe rukunin biyu, ba kuma za a gina wasu ba, za a ba kowane iyali takardar tallafin haya ya nemi gida. A garin da babu gidan haya, wannan takarda tikitin mota ce. Kusan mutum 400 abin ya shafa, da yawansu yara. 'Yan makaranta suka rubuta wa ministan gidaje Ben Carson wasiƙu, ya zo da kansa a watan Agusta, ya saurara, hukunci bai sauya ba. A 2019 aka rushe.

Ga yadda mutum ɗaya ke jan wani. Iya a gidanta na kanta take, ba a ce ta tashi ba. Amma jikarta da ke McBride ita ke kai ta asibiti, ita ke yi mata cefane, ita ke kwana da ita in jiki ya motsa. Jikar ta samu gida a Kentaki ta tafi da yara uku. Iya ta yi ta cijewa har hunturu ya shigo, ta faɗi a banɗaki ta kwana a ƙasa, 'yarta ta zo daga St. Louis ta tafi da ita. Ni na haɗa mata magunguna, na rubuta wa nas ɗin can yadda ƙafar ke son a naɗe ta. Takardar gwamnati ta ce iyali ɗaya ya tashi, gari kuwa ya rasa mutum biyar, makaranta ta rasa ɗalibai uku, coci ta rasa mai jan waƙa. Iya ta rasu a 2019, aka dawo da ita kan tudun nan kusa da mijinta.

Mu ma mun tashi a 2018, da Malam ya samu aiki a wata jiha. Da sakamakon ƙidayar 2020 ya fito na nema: Kero 1,733, daga 2,831 a 2010, ƙasa da abin da aka samu a 1860 kafin Grant ya zo. Kusan kashi 70 cikin ɗari baƙaƙen fata ne. Ƙaramar hukumar Alexander ta sauko daga 8,238 zuwa 5,240, in aka auna da kaso cikin ɗari, babu wadda ta kai ta asarar jama'a a duk Amurka cikin waɗannan shekaru goma.

Waɗanda suka rage ba su naɗe hannu ba. A Yunin 2023 suka buɗe kantin abinci na haɗin gwiwa mai suna Rise Community Market, bayan fiye da shekara bakwai babu. Tun 2020 kuma jihar ta ware dala miliyan 40 don gina tashar jiragen dakon kaya a bakin Misisipi, domin har gobe kayan da ke ratsa mahaɗar kogunan nan ba kaɗan ba ne, wucewa kawai suke yi. Ina waya da jikar Iya lokaci-lokaci, anti take ce mini. Na tambaye ta ko za ta koma in tashar ta tabbata. Ta ce, "Anti, a ba ni aiki da gida mai ɗaki uku, gobe ma sai in loda yara."